Gidan Bollée na Le Mans: Daga Zubin Ƙararrawa Zuwa Ƙera Mota

Ranar 9 ga Oktoba, 1875, wata irin karusa da babu doki a gabanta ta shigo birnin Paris tana huci da tururi. Daga garin Le Mans ta taso, tafiyar kilomita 230, ta kuma shafe awa 18 a hanya, har da tsayawar ɗibar ruwa da cin abinci. Nauyinta ya kusa tan biyar, tana da wurin zaman mutum goma sha biyu. Masu rubuta tarihin mota sun ce kafin ta iso, jami'an kan hanya sun rubuta wa mai ita takardar laifi har 75, domin dokar wancan zamani ba ta san abin hawa mai tafiya da kansa a kan titi ba. Sunan mai karusar Amédée Bollée, shekarunsa 31, sana'ar da ya gada kuwa zubin ƙararrawar coci. Ya raɗa wa abin da ya ƙera suna L'Obéissante, wato Mai Biyayya, saboda yadda take bin hannun matuƙi.

Wannan ya faru shekara goma kafin Karl Benz na Jamus ya yi rajistar motarsa mai aiki da fetur a 1886. Amma in aka tambayi mai karatu sunayen motocin Faransa, Peugeot zai fara kawowa, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, sannan Renault da Citroën. Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunan Bollée. Gidan ya riga waɗannan duka hawa titi, ya kuma fitar da hazikai uku a jere, uba da 'ya'yansa biyu, amma motar ƙarshe mai ɗauke da sunansa ta fito ne a farkon shekarun 1930. Yadda aka yi hakan ta kasance yana da alaƙa da sana'ar da suka taso a cikinta.

Sana'ar gado

Kakannin Bollée masu zubi ne daga gabashin Faransa, irin waɗanda ke yawo gari gari. In coci ta buƙaci ƙararrawa, sai su sauka kusa da ita, su haƙa rami, su gina murhu, su narka tagulla da kuza, su zuba, in aiki ya ƙare su ƙara gaba. Ernest-Sylvain Bollée, mahaifin Amédée, shi ya ajiye sandar yawo ya kafa maƙera a gefen Le Mans a 1842.

Zubin ƙararrawa aiki ne na lissafi. Sautin da za ta bayar ya dogara ga faɗinta da kaurinta da yadda bakinta ya buɗe, kuma dole a ƙididdige waɗannan tun kafin a kunna wuta, domin in ƙarfe ya daskare gyaran da ya rage kaɗan ne. Akan gina mazubi da yumɓu, a zuba narkakken ƙarfe, a jira ya huce, sannan a fasa mazubin a fitar da ƙararrawar. Kowace ƙararrawa da mazubinta, da mai odarta, da hasumiyar da za a rataye ta. Wanda ya girma a irin wannan gida yakan iya ƙarfe da wuta da lissafi ƙwarai, yakan kuma saba da cewa aiki mai kyau shi ne guda ɗaya da aka yi wa mutum ɗaya, ya daɗe ana moriyarsa.

Ernest-Sylvain bai tsaya ga ƙararrawa ba. Ya ƙera famfon da ke tura ruwa sama da ƙarfin ruwan kansa, a 1868 kuma ya yi rajistar injin iska mai jawo ruwa daga rijiya, wanda har yau ana ganin wasu daga cikinsu a ƙauyukan Faransa. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya raba ayyukan tsakanin 'ya'yansa maza uku. Amédée, babbansu, shi ya sami maƙerar ƙararrawa. A wani lungu na wannan maƙera ya keɓe wuri yana gwajin abin hawa mai tururi, har ya kammala L'Obéissante a 1873.

Zamanin tururi

Akwai injinan tururi masu bin titi kafin Bollée, sai dai mafi yawansu kan jirgin ƙasa ne da aka sauke daga dogo, masu nauyi da ƙara da wuyar juyawa. Abin da ya bambanta L'Obéissante shi ne an tsara ta tun farko domin titi. Tana da injina biyu, kowanne yana juya tayar baya guda. Tayoyin gaba kowace tana da nata maƙalin, kowace kuma tana karkata daidai gwargwadon kwanar da za a sha, ta ciki ta fi ta waje lanƙwasa. Matuƙi yana zaune a gaba da sitiyari da duk abin sarrafawa a kusa da hannunsa. Tukunyar tururi tana baya, tare da mutumin da ke zuba mata kwal. Wannan mutum Faransawa ke kira chauffeur, mai hura wuta, kalmar da daga baya ta zama sunan direba a duk inda ake Faransanci. Motar tana iya kai kilomita 40 a awa.

Mutanen Paris sun yi cincirindo suna kallo, injiniyoyi sun yaba, jaridu sun rubuta. Oda dai ko guda ba ta zo ba. Amédée ya koma Le Mans ya fahimci cewa abin ya yi girma da tsada, sai ya zauna ya zana ƙarama. A 1878 ya fito da La Mancelle, wato 'Yar Le Mans, ya kai ta babban baje kolin duniya da aka yi a Paris a shekarar. Injinta a gaba yake, ƙarfinsa yana bi ta doguwar sanda zuwa baya, sannan sarƙa ta kai shi ga tayoyi. Wannan tsari na injin gaba da turi daga baya shi ne wanda mafi yawan motocin duniya suka bi shekaru da dama bayan nan. An ƙera kusan guda hamsin, shi ya sa wasu masana ke lissafa ta a matsayin motar farko da aka yi da yawa a kan zane ɗaya.

A nan ne ƙofar arziki ta yi kamar za ta buɗe. Wasu masu kuɗi a Berlin suka sayi izinin ƙera motocin Bollée a Jamus, da niyyar kafa harkar jigilar fasinja da kaya. Cikin 'yan shekaru harkar ta rushe, Amédée ya tashi da asara. Duk da haka ya ƙera La Nouvelle, Sabuwa, a 1880, sannan La Rapide, Mai Sauri, a 1881, wadda ta haura kilomita 60 a awa. Bayan nan ya ja baya. Ya ci gaba da zubin ƙararrawa, yana ƙera karusar tururi jefi jefi in wani mai sarauta ko attajiri ya nema.

Dalilan da suka hana kasuwar tafiya a fili suke. Kafin motar tururi ta motsa sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa. Tana shan ruwa da yawa, tana buƙatar ma'aikaci na biyu, nauyinta yana lalata titin da aka yi domin dawaki. Mai tafiya mai nisa yana da jirgin ƙasa, mai zagayen gari yana da doki. Amédée ya warware matsalolin ƙira tun kafin a sami masu saye da za su biya kuɗin warwarewar.

Tseren 1895 da tashin 'ya'ya

A watan Yunin 1895 aka shirya tsere daga Paris zuwa Bordeaux a dawo, kilomita 1,178. Émile Levassor ya riga kowa dawowa da motarsa mai fetur cikin awa 48 da minti 48. Gidan Bollée suka fito da La Nouvelle, wadda a lokacin ta shekara goma sha biyar, suka shiga da ita. Ta lalace a hanya, suka gyara, ta iso ta tara bayan kusan awa 90. Ita kaɗai ce mai tururi da ta kammala tseren. Abin alfahari ne ga maƙerinta, amma sakamakon ya nuna wa kowa inda al'amari ya dosa: motocin fetur takwas ne a gabanta.

'Ya'yan Amédée sun karanta wannan darasi. Babban, wanda shi ma Amédée ne sunansa, an haife shi a 1867, ya soma ƙera motar fetur a 1896, kamfanin De Dietrich kuma ya sayi izinin yin irinta. A 1899 ya yi motar tsere mai jikin alminiyom da aka siranta gabanta domin ta ratsa iska, a zamanin da sauran motoci ke kama da akwati a kan taya. Ƙaninsa Léon, haihuwar 1870, shi ne wanda sunansa ya fi fita.

Léon ya fara shahara ne da injin lissafi. Mahaifinsa yana buƙatar dogayen jadawalin awo domin zubin ƙararrawa, yaron kuma ya gaji da yin su da hannu. Injinan lissafi na wancan lokaci in za su ninka lamba sau bakwai, sai an juya hannunsu sau bakwai suna tarawa. Léon ya sassaƙa jadawalin sau a jikin ƙarfe, sanduna masu tsawo dabam dabam, ta yadda juyi ɗaya zai ba da amsar kowace lamba kai tsaye. Injin ya ci lambar zinariya a baje kolin Paris na 1889, mai shi yana da shekara 19.

A ƙarshen 1895 ya fito da abin da ya kira Voiturette, 'yar ƙaramar mota, ya kuma yi rajistar sunan, har ya sa kamfanin Decauville ya canza harafi ya kira tasa Voiturelle. Ƙafa uku gare ta, biyu a gaba masu juyawa, ɗaya a baya mai turi. Injinta silinda ɗaya ne a kwance, iska ke sanyaya shi, bel ke kai ƙarfinsa ga taya, tayoyin kuma masu iska ne a lokacin da yawancin motoci ke tafiya a kan ƙarfe ko daskararriyar roba. Direba a baya yake zama, fasinja a gaba, babu komai tsakaninsa da duk abin da za a ci karo da shi. Wannan ya sa Faransawa suka yi mata laƙabi da mai kashe suruka.

Da ba'a da komai, Voiturette ta yi kasuwa. Ba ta da nauyi, tana da gudu, ba ta kai manyan motoci tsada ba. A watan Nuwamban 1896, lokacin da Ingila ta sassauta dokar da ta takura motoci aka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton, motocin Léon suna cikin waɗanda suka fara isa. A 1897 ta ci tsere a Faransa. An ƙera ɗaruruwa. Sai dai Léon ba shi da masana'antar da za ta iya wannan yawa, don haka wani kamfanin kekuna da keken ɗinki, Hurtu, shi ya ƙera da yawa daga cikinsu, izinin Ingila kuma aka sayar wa wasu 'yan kasuwa a can. A hannunsa yake riƙe da irin motar da mai matsakaicin hali zai iya saye. Bai gina a kanta ba. Kafin ƙarni ya juya, Louis Renault da De Dion-Bouton sun fito da ƙananan motoci masu ƙafa huɗu, suka kwashe masu sayen.

Motar attajirai da baƙo daga Amurka

Da Léon ya dawo harkar mota sosai a 1903, da sabuwar masana'anta a Le Mans, manyan motoci ya zaɓa: silinda huɗu, daga baya shida, masu shiru da laushin tafiya, waɗanda ake yi wa attajiran Faransa da Ingila da Amurka. A wannan shekara Faransa ce kan gaba a duniya, ta ƙera motoci kusan dubu talatin, wajen rabin abin da duniya ta ƙera. Zaɓin nasa bai zama wauta ba a idon mutanen lokacin, domin mota kayan masu hali ce, riba kuma tana wajen mai tsada. Zuwa 1911 masana'antar tana fitar da mota wajen 600 a shekara.

A tsakiyar wannan zamani ne abin da ya fi dawwamar da sunan Léon ya faru, kuma ba mota ba ce. A 1908 Wilbur Wright ya zo Faransa domin ya nuna wa Turawa jirgin saman da shi da ɗan'uwansa Orville suka ƙera. Mutane da yawa a Faransa ba su yarda 'yan'uwan sun taɓa tashi ba. Jirgin ya kwana a akwatuna a tashar ruwa ta Le Havre tun shekarar da ta gabata, da aka buɗe kuma aka tarar ya lalace a wurin binciken kwastan. Léon ya ba Wilbur wuri a masana'antarsa da ma'aikata kyauta. Makonni Wilbur ya yi yana gyara, har ruwan zafi ya ƙona shi a hannu da ƙirji lokacin gwajin inji.

Ranar 8 ga Agusta, 1908, a filin sukuwa na Hunaudières da ke wajen Le Mans, Wilbur ya tashi. Bai kai minti biyu a sama ba, amma ya zagaya filin yana karkata jirgin yadda ya so, abin da matuƙan Faransa ba su iya ba tukuna. Masu shakka suka yi shiru. Ya koma wani filin soja da ke kusa, Auvours, ya ci gaba da tashi har ƙarshen shekara, Léon ma ya hau a matsayin fasinja. Ranar 31 ga Disamba ya shafe awa biyu da minti ashirin a sama.

Wata biyu bayan tashin farko na Hunaudières, a Oktoban 1908, Henry Ford ya fito da Model T a Amurka. A 1913 ya kafa layin harhaɗawa mai tafiya, inda mota ke zuwa gaban ma'aikaci, kowa ya ɗaura abu ɗaya ta wuce. A wannan shekara Ford ya ƙera mota fiye da dubu ɗari da hamsin. A watan Disambar shekarar Léon Bollée ya rasu, yana da shekara 43.

Faɗuwa

Matarsa Carlotta ta riƙe kamfanin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, masana'antar ta koma yin kayan yaƙi kamar sauran masana'antun ƙasar. Mahaifin Léon, tsohon mai zubin ƙararrawa, ya rasu a 1917. Da aka gama yaƙi kasuwa ta canza kama. André Citroën, wanda ya koyi ƙera abu da yawa a kan layi wajen yin harsasan igwa, ya fito da motarsa ta farko a 1919 a kan tsarin Ford. Motocin Bollée suna nan da ingancinsu, amma zanensu ya tsufa, kuma babu mai sabunta shi.

A 1924 William Morris, babban mai ƙera motoci na Ingila, ya sayi masana'antar Le Mans. Faransa ta ɗora haraji mai nauyi a kan motocin waje, shi kuma yana son ya ƙera a cikin gida ya kauce wa harajin. Aka sa wa motocin suna Morris-Léon Bollée. Ba su karɓu ba: sun fi na Citroën da Renault tsada, ga kuma ƙyashin da masu saye ke yi wa kamfanin da baƙo ya mallaka. Morris ya yi asara ya janye a 1931, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta iso Turai. Wasu suka ɗan lallaɓa abin da ya rage na ɗan lokaci, sannan aka rufe. Shi kuwa Amédée ƙarami, bai taɓa barin tsarin gidansu ba. 'Yan motoci kaɗan yake ƙerawa a shekara, masu ƙarko ƙwarai, har ya daina a 1923 ya koma yin zoben fistan. Ya rasu a 1926.

Me ya hana su ɗorewa

Kwatanta su da gidan Peugeot yana haskaka al'amarin. Su ma sana'ar ƙarfe suka gada, su ma da tururi suka fara: Armand Peugeot ya nuna mota mai ƙafa uku mai tururi a baje kolin 1889, wanda Léon ya ci zinariya a cikinsa. Shekara ɗaya bayan nan ya watsar da tururi ya karɓi injin fetur na Daimler. Bambancin yana cikin abin da kowane gida ya saba sayarwa. Peugeot sun yi shekaru suna ƙera zarto da injin niƙan kofi da kekuna, dubbai a kan zane ɗaya, suna rarraba su ta hannun dillalai zuwa kantuna. Sun san farashi, sun san talla, sun san yadda ake rage kuɗin ƙira in yawa ya ƙaru. Bollée sun saba da mai oda guda wanda zai zo da kansa ya faɗi abin da yake so.

Ana ganin wannan hali a kowane mataki. Uban ya ƙera La Mancelle, ya bar wa mutanen Berlin yawaita ta. Amédée ƙarami ya ba De Dietrich. Léon ya ba Hurtu da Ingilawa. Da zarar matsalar ƙira ta warware, hankalinsu yakan koma kan wata sabuwa, injin lissafi ko jirgin sama. Kamfanin kuma a kan mutum ɗaya ya tsaya, shi ya sa rasuwar Léon ta bar shi ba mai zana masa gaba. 'Yan'uwan biyu ma ba su haɗa jari ba, kowa da masana'antarsa a gari ɗaya.

Adalci ne a ce ba su kaɗai abin ya ci ba. Ɗaruruwan ƙananan kamfanonin mota sun tashi a Faransa kafin 1914, kaɗan ƙwarai suka ga 1939. Mors, wadda ta yi suna a tsere, Citroën ya haɗiye ta a 1925. De Dion-Bouton, wadda a 1900 babu kamfanin mota da ya kai ta girma a duniya, ta daina ƙera motocin hawa a farkon shekarun 1930. Tun da mota ta zama kayan jama'a, sharaɗin zama a kasuwa ya koma jari mai yawa da layin harhaɗawa da dillalai a kowane gari, abubuwan da hazaƙar mutum ɗaya ba ta samar da su. Hausawa kan ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A wannan harka sau da yawa na gaban ne ya zama labari.

Abin da suka bari ya fi yawa a garinsu. Le Mans ta karɓi babban tseren motoci na Faransa na farko a 1906, tun daga 1923 kuma take karɓar tseren awa 24 da ya kai sunanta ko'ina a duniya. Doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da motocin tseren suka fi gudu a kanta tana wucewa ta gefen filin sukuwar Hunaudières, inda Wilbur Wright ya tashi. Akwai babban titi a garin mai sunan Bollée. L'Obéissante tana ajiye a gidan tarihin fasaha na Arts et Métiers a Paris, duk mai so yana iya zuwa ya ga sitiyarinta da tukunyarta. Wani reshe na dangin kuma, wanda ya zauna kusa da Orléans bai taɓa shiga harkar mota ba, ya ci gaba da zubin ƙararrawa har cikin wannan ƙarni.